Malam Buhu Biyar

In ka sauka tashar Bagudo ka tambayi gidana da sunan da aka raɗa mini ranar suna, za a yi ta kallon-kallo. Amma ka ce kana neman Malam Buhu Biyar, ko yaron da ke tallar ruwan leda zai kama hannunka ya kai ka har ƙofar zaure. Da farko in aka kira ni haka nakan haɗe rai in wuce. Yanzu amsawa nake yi, har in ɗaga hannu, domin ni na sayo sunan da kuɗina. Ko in faɗi gaskiya, da kuɗin uwargida.

Cutata guda ce: duk abin da na gani an buga a takarda, to ya zauna. Gado na yi. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yana da wani akwatin ƙarfe da ya cika da tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar nan ta Zariya da aka fara bugawa a 1939. In gardama ta yi tsami a zaurensa, sai ya gyara zama ya ce, "Ai an buga." Daga nan magana ta mutu, ko liman ba ya ƙarawa. Na tashi ina ganin kalmar nan kamar sandar sarki, na kuwa yi alkawari ni ma wata rana sai na riƙe ta. Da na zama malamin makaranta, na sami majalisa a teburin mai shayi, sai na naɗa kaina mai karanta wa jama'a jarida. Ina karanta Turancin da ƙarfi tukuna, don a san ana yi, sannan in fassara. A lokacin BBC suke ce mini. Ina jin daɗin sunan ƙwarai.

Sai a san cewa jarida ba ta isowa Bagudo ranar da aka buga ta. Wani direba ne yake riƙo mini daga Birnin Kebbi in ya tuna, wani sa'i ta kwana biyu, wani sa'i ta kwana huɗu, ta sha ƙura, wani lokaci ma an ɗora mata ledar tsire. Ban taɓa damuwa ba. A wurina labari ba ya tsami.

Ranar wata Litinin ta farkon watan Afrilun 2016 ya miƙo mini ita ta tagar mota. A shafin ciki na ga labarin da ya sa na ajiye kofin shayi. Wai gwamnati ta tausaya wa mazauna ƙananan hukumomin bakin iyaka, ta amince kowane mai katin zaɓe ya shigo da buhu biyar na shinkafa 'yar waje ba tare da biyan ko kwabo ba. Ga hoton buhuna, ga sunan jami'in da aka ce ya yi sanarwar, ga ma gargaɗi cewa a gaggauta kafin ƙarshen wata.

Kada a yi saurin yi mini dariya, ina da hujja. A Oktoban 2015 hukumar kwastan ta ɗage haramcin shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa. A Maris na 2016 ta sake haramtawa. Abin da aka buɗe aka rufe cikin wata shida, mene ne abin mamaki in an sake buɗe masa 'yar taga? Haka na yi wa majalisa bayani, ina buga tebur. Mai shayi ya ciro kuɗin buhu ɗaya daga ƙarƙashin gwangwanin madara ya ce in sa da shi a cikin biyar ɗina, shi katinsa ya ɓata.

Uwargida ce kaɗai ta ƙi hawa motar. Tana tankaɗe ta ce, "Malam, ba watannin baya shugaban ƙasa ya taho Birnin Kebbi ya ƙaddamar da bai wa manoman shinkafa bashi ba? Baba ma ya karɓa. Wanda ya ba ka bashi ka noma, shi zai buɗe ƙofa a kashe maka kasuwa?" Gaskiyarta ce, a Nuwamban 2015 aka yi bikin, kuma surukina na cikin fadama yana fama da injin ban-ruwa. Amma ni da na yi karatu, mace mai tankaɗe za ta koya wa siyasar tattalin arziki? Na ce mata ai an buga. Na kuma ranci kuɗin adashenta, wanda ta ɗauka a makon, da alkawarin riba.

Ku duba wautar. Ina zaune a ƙasar da shinkafa ke tsirowa tun daga bakin Kwara har inda ido ya tsaya, na tsallake gadar Tuga, na bi ta Illo zuwa Lolo, na shiga Jamhuriyar Benin ta Madekali har kasuwar Malanbil, don in sayo shinkafar da aka noma a Tailan, aka sauke a Kwatano, aka hauro da ita arewa a tirela. Na canja nairata zuwa sefa, na yi ciniki da Hausa da ɗan guntun Dandanci, aka ɗaure mini buhu biyar a babura biyu.

Da muka kusa iyaka sai ɗan kabu-kabun da ke gaba ya karkata zai shiga wata 'yar hanyar daji. Na daka masa tsawa. Ya ce, "Malam, nan muke bi kullum." Na ce wannan zamani ya wuce, yau ta kan titi za mu bi, da rana tsaka, kanmu a ɗage. Ya dube ni, ya dubi ɗan'uwansa, ya ce in biya su kuɗinsu tukuna. Na biya. Har na yi masa ɗan wa'azi a kan amfanin ilimi.

A shinge na sauka da kaina, na yi sallama, na miƙa katin zaɓe da hannun dama, jarida da hannun hagu. Jami'in da na tarar mutum ne mai natsuwa. Ya karanta labarin tun daga farko, abin da ni ban yi ba, domin na tsaya ne a inda daɗin ya ƙare. Ya kai sakin layi na ƙarshe, ya ɗago ya dube ni, ya kira abokin aikinsa. Shi ma ya karanta, ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

"Malam, aikin me kake yi?"

Na ce koyarwa.

"To karanta mini kwanan watan da ke saman shafin nan."

Ɗaya ga Afrilu. Ya sa ni na karanta sunan jami'in da aka ce ya yi sanarwar daga ƙarshe zuwa farko, harafi bayan harafi, kamar ɗan aji ɗaya. Abin da ya fito da Turanci shi ne wawan Afrilu. Layin ƙarshe kuma yana taya duk wanda ya karanta har nan murnar ranar.

Sun yi aikinsu, suka sauke buhunan, suka rubuta mini takarda. Ba wanda ya zage ni. Da ma zagin aka yi da ya fi mini sauƙi. Da zan tafi jami'in ya miƙo mini jaridar ya ce, "Wannan taka ce, ba ta cikin kayan da aka haramta." 'Yan kabu-kabu kuwa sun riga ni isa Lolo da labari, daga can ya hau mota ya riga ni isa Bagudo. A karon farko a tarihi, labari ya iso garinmu ranar da ya faru.

Uwargida ba ta ce komai ba, abin da ya fi komai ciwo. Da daddare ta kawo mini tuwon shinkafar gonar babanta, ta ajiye, ta ce, "'Yar gida ce, a yi haƙuri." Wata bakwai ina biyan adashe daga albashi. Mai shayi na biya shi kuɗinsa tun a watan farko, amma har gobe in na zauna sai ya ce wa yaronsa, "Haɗa wa Malam, ka sa sukari buhu biyar."

Daga baya na shiga neman abokan wauta, don zuciya ta yi sanyi, na kuwa samu manya. A 1957 gidan talabijin na BBC ya nuna wasu manoma a ƙasar Suwizalan suna tsinkar taliya daga bishiya, Turawan Ingila suka yi ta kira suna tambayar yadda ake dasa ta. A 2012 wata jaridar barkwanci ta Amurka mai suna The Onion ta ce shugaban Koriya ta Arewa ne namijin da ya fi kowa kyau a duniya, babbar jaridar jam'iyyar da ke mulkin ƙasar Sin ta ɗauka da gaske, ta jera hotunansa tana murna. Na kai waɗannan majalisa ina cewa kun gani, ba ni kaɗai ba ne. Wani tsohon direba ya ce, "Su Turawan nawa suka yi hasara?" Na ce ba su yi ba. Ya ce, "To kai kaɗai ne."

Da a nan abin ya tsaya da ban rubuta wannan ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Na koma mai ƙaryata komai. Duk labarin da aka kawo majalisa sai in yi murmushin wanda ya ga jiya, in ce, "Ku bi a hankali, irin wannan mun san shi." Na ɗauka na warke. Ashe cutar ce ta juya kwanciya.

A Agustan 2019 wani ƙanena mai sayar da albasa ya zo da gudu ya ce an rufe iyaka. Na ce wace iyaka? Wadda ta ratsa ta tsakiyar gonar mutane? Wadda Bafulatani ke tsallakawa da shanunsa sau biyu kafin azahar? Wadda ɗan Tsamiya ke auro 'yar Segbana a kai amarya da ƙafa? Na ce wani ɗan jarida ne ya rasa abin rubutawa. Ya ce a rediyo ya ji. Na ce rediyo ma mutane ne. Iyaka kuwa ta rufu ranar 20 ga watan, ta zauna a rufe har Disamban 2020 kafin a buɗe guda huɗu, Seme da Illela da Maigatari da Mfum, babu tamu a ciki. Kamba ma da ke maƙwabtaka da mu sai Afrilun 2022. Ƙanena bai saurare ni ba, ya karyar da albasarsa a ranar. Wani da ya saurare ni tasa ta ruɓe. Har yanzu in mun haɗu a masallaci gaisuwarmu gajera ce.

Wata uku bayan rufe iyakar aka ce an hana kai man fetur duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka. Wannan kam na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce ko mai tsara wasan Afrilu ba zai rubuta wannan ba, ya yi yawa, ba wanda zai yarda. Ƙasa mai rijiyoyin mai ta hana 'ya'yanta mai don suna zaune inda aka haife su? A lokacin an mayar da ni wata makaranta wajen Illo. Ranar Litinin na hau babur da ɗan abin da ya rage a tanki, na ce in na isa can na sha. Na tarar da gidan mai an ɗaure bakinsa da igiya, akuya na kwance a gindin famfo. 'Yan bumburutu sun ninka kuɗin kwalba, ni kuma girman kai ya hana ni saye, don in na saya na yarda labarin gaskiya ne. Na tura babur a cikin rana, ɗalibaina na biye da ni a baya, suna ta yi mini sannu cikin ladabi. Ɗaya ya karɓi jakata. Ɗaya ya ce, "Malam, ko wannan ma wasa ne?" Yaron bai yi da nufin komai ba. Ina fata.

Na uku shi ne na kuɗi, kuma shi ya fi tsaya mini a rai, don ya haɗa ni da Gwaggo. Ranar 26 ga Oktoban 2022 gwamnan Babban Banki, Godwin Emefiele, ya ce za a sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, tsofaffin su daina aiki 31 ga Janairu. Na je gaishe ta na tarar ta zazzage tukunyar da take ajiya, tana ƙirga. Na ce, "Gwaggo, mayar da kuɗinki. Wa zai canja kuɗi cikin wata uku, ana saura 'yan makonni zaɓe?" Ta ce, "Ɗan nan, shekarunka nawa a 1984?" Na ce ina rarrafe. Ta ce ita tana da 'ya'ya huɗu a lokacin da soja suka canja launin kuɗi, suka rufe iyaka, suka ba mutane kwanakin da ba su cika mako biyu ba. Ta ga dattijo ya zo da ƙunshin kuɗi bayan wa'adi yana kuka kamar yaro. "Kai ka karanta," in ji ta, "ni na gani." Washegari ta mayar da rabin kuɗinta awaki, rabi sefa.

Ni kuwa na zauna da nawa har ƙarshen Janairu, sannan tsoro ya kama ni. Na yi sammako zuwa Birnin Kebbi, na wuni a layi, na zuba su a banki. Aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu. Sabbin kuɗi kuma babu su. Na zama mai kuɗi a waya, matsiyaci a aljihu, ina biyan mai POS lada don ya ba ni abin da yake nawa. A kasuwannin bakin iyaka sefa ta zama sarauniya. Gwaggo ce ta ranta mini na cefane, tana kwance bakin zane a hankali don kowa a gidan ya gani. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki. Na ruga wurinta na ce, "Kin gani? Ai na faɗa!" Ta ce, "To ina naka tsofaffin?" Akuyarta ɗaya ta haifi biyu a watan.

Tsohon direban nan na majalisa shi ya ɗan fahimtar da ni inda gizo ke saƙa, ko da yake ba niyyarsa ke nan ba, labarin kansa yake bayarwa. Ya ce a 1972, zamanin Gowon, aka ce duk ƙasa za a bar tuƙi ta hannun hagu a koma dama, irin na maƙwabtanmu masu Faransanci. Ranar da aka sa kuwa 2 ga Afrilu. Ya ce da an matso da ita baya da kwana ɗaya tak, da ire-irena masu wayo sun ce wasa ne, sun fito ta tsohon hannu sun yi karo da tirela.

Na jima ina juya maganar. Mu ma muna da wasa, amma namu yakan zo da kayansa a jiki. Tatsuniya sai an ce ga ta nan ga ta nanku. Ɗan tashe da ganin gemun audugarsa ka san ba tsoho ba ne. In Bafulatani ya ce Babarbare bawansa ne, ko Bakano ya tsokani Bazazzagi, kowa ya san gidan da maganar ta fito. Wasan ɗaya ga Afrilu kuwa baƙo ne, ya kuma zo sanye da babbar rigar gwamnati. A Legas ko Abuja mai karatu ya gan shi a ranarsa, ya yi dariya, kafin azahar an manta. Kafin ya iso mana ya kwana uku a hanya, ranar da ke fallasa shi ta wuce, saura rigar. Ita kuma gwamnati, in za ta yi nata na gaske, ba ta sallama. Janye tallafin mai jimla ɗaya ce a jawabin rantsuwa ranar 29 ga Mayun 2023, kafin mako ya zagayo lita ta haura naira 500. Shekara guda cif bayan haka na shiga makaranta aka ce daga yau an koma tsohon taken ƙasa, a koya wa yara. Na duba kalanda sau biyu, Mayu ne. Mutumin da ke zaune a ƙarshen titi, inda doka ke riga takardarta isowa, da me zai bambance?

Uwargida tana da nata ma'auni, kuma ban taɓa ganin ya saɓa ba. In na shigo da labari ba ta tambayar wace jarida. Yaro take aika wa mai canji ya tambayo nawa jakar sefa take yau, ya biya ta wurin mai awo ya ji kuɗin kwanon shinkafa. In sun motsa, labarin gaskiya ne. In suna nan yadda suke, ta ce in wanke hannu ga abinci. Na taɓa ce mata wannan ba hanyar ilimi ba ce. Ta tambaye ni buhu nawa hanyar ilimi ta kawo gidan nan.

Kwanan baya ina zaune a zaure waya ta yi ƙara. Wani tsohon ɗalibina ne, yana aiki a Kaduna yanzu, ya turo mini hoto a WhatsApp. Hoton yankakken shafin jarida ne, an datse samansa inda kwanan wata yake, an datse ƙasansa inda gaisuwar wawaye take. Buhu biyar ga kowane mai katin zaɓe. Labarina ne, shi ɗin dai, ya yi shekaru yana yawo a wayoyi, ya sha turawa har rubutun ya dushe. A ƙasa yaron ya rubuta, "Malam, ka ga wannan? Na ce bari in tambaye ka, kai ne masanin harkar iyaka."

Na rubuta masa cewa ƙarya ce tsohuwa, kada ya tura wa kowa. Na yi masa bayani mai kyau, har da shawarar ya riƙa karanta abu zuwa ƙarshe. Na ajiye wayar ina jin kaina dattijo.

Can na sake ɗauka na buɗe hoton. Rubutun kamar ya ɗan bambanta da wancan, ko idona ne. Na kira ƙanena mai albasa, muka gaisa, na tambayi iyali, sannan na ce, "Wai nawa buhu yake a Malanbil yanzu?"

Ya yi shiru.

Na ce, "Don sani kawai."

Daga cikin gida na ji an ja akwatin adashe, an murɗa makulli.